Ƙafa ta Huɗu

Kwamfutar ba ta ba da wani gargaɗi ba. Fankokinta suka yi ta gurnani kamar za su ɓalle su tashi sama, lambar zafi da ke kusurwar allo ta haura casa'in, ta taɓa ɗari, sai komai ya ɗauke. Ɗakin ya yi tsit. A cikin baƙin gilashin Auta ya hango fuskarsa, ya hango ta Yaya a bayansa, ta dafe kunci da hannu.

"Ta sake mutuwa," in ji Yaya.

"Na gani."

"Ka ce min ka gano matsalar."

"Cewa na yi ina jin na gano."

Yaya ta koma bakin gado ta zauna, ta ɗora wayarta a cinya tana kallonta kamar abin da zai iya cizo.

Zanen gine-gine ne sana'ar Yaya, kuma ta daɗe tana zaman jiran aiki. Kwanan nan wani kamfanin gini ya ba ta gwaji: ta mayar da zanen wani gida ya zama bidiyo, yadda mai kallo zai ji kamar shi ne yake buɗe ƙofa yana shiga ɗaki-ɗaki. In ta kai musu yau kafin a tashi daga ofis, kujerar tata ce. In ba ta kai ba, akwai wani a layi. Zanen kam ta gama shi tun jiya. Abin da ya rage shi ne kwamfuta ta zauna ta tauna shi ta fitar da bidiyon, aiki ne na awanni ba tare da tsayawa ba. Ita kuwa wannan kwamfutar, ko kwatan aikin ba ta kaiwa take faɗuwa.

Da farko haɗaɗɗiyar kwamfuta Yaya ta yi niyyar saya a kanti. Auta ne ya bi ta da magana har gidan mijinta, yana nuna mata a waya cewa in aka sayi kayan daban-daban aka haɗa, za ta samu wadda ta ninka ta kanti ƙarfi. Mijinta ya yi dariya ya ce, "Wa zai haɗa? Rabin-Aiki?" Sunan da Baba ya laƙaba masa ke nan tun da ya bar makaranta a tsakiyar zango, ya shiga gareji ya fita, ya zauna a shagon tela ya tashi, ya koma gyaran waya shi ma bai kai ko'ina ba. Sunan ya bi shi har bakin titi. Yaya kaɗai ce ba ta taɓa kiransa da shi ba. Ranar ta dubi mijinta ta ce, "Auta zai haɗa." Ta kwashi abin da ta daɗe tana tarawa ta damƙa masa.

Ya kuwa haɗa. A wannan ɗakin nasa na gidan iyayensu ya baje kwalaye a kan tabarma, ya kalli bidiyon koyarwa har ya haddace muryar mutumin. Ya kafa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan ƙarfen da bai fi akwatin ashana faɗi ba, a kan babban allon da ake kira madabod. Sai kula, ƙaton ƙarfe mai haƙarƙari da fanka a jikinsa, wadda aikinta shi ne ta zauna daram a kan firosesa tana zuƙe masa zafi. Kan ƙafafu huɗu take zama, 'yan guntayen ƙarfe masu murɗi sama da ƙasa. Leda biyu na ƙafafun suka zo a kwalin, kowace da irin madabod ɗin da aka yi ta dominsa. Da ya zazzage ledar da ta dace da nasa, uku ya gani. Ya leƙa kwali, ya ɗaga gefen tabarma, ya tsine wa kamfanin, sannan ya zaro ɗaya daga ɗaya ledar. Ya jera su a tafin hannu, ido bai ga bambanci ba. Ya ɗaure ya wuce.

Kwamfutar ta tashi a karon farko. Ya yi ta buɗe abubuwa yana rufewa, tana gudu kamar ruwa a gangare. Har Baba sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli fitilunta, ya yi gyaran murya ya wuce. Sai yau da aka ɗora mata kaya na gaske ta nuna halinta.

Auta ya cire murfin gefen akwatin ya jingine shi da bango. Ya jawo fankar ɗaki ya saita ta tana hura cikin kwamfutar kai tsaye. Ya kai yatsa ya taɓa haƙarƙarin kular a tsorace, yana jiran ta ƙone shi. Ɗumi-ɗumi kawai ya ji, kamar kofin shayin da aka manta. Wannan ya fi komai ɗaure masa kai. Allo ya ce ɗari, ƙarfe ya ce babu komai.

Umma ta leƙo daga kicin, da murfin tukunya a hannunta.

"Wai me ya same ta ne, tun safe kuke zaune kamar gidan makoki?"

"Kular ce, Umma."

"Kula? Ai ga kuloli can a kicin, ɗauki wadda ta yi maka."

"Ba irin wannan ba ce."

"To ni dai kular da na sani riƙe zafi take yi. Ka ɗora wa abu kula, kuma kana mamakin ya yi zafi."

Yaya ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Umma ta ɗaga murfin ta riƙe shi ta mariƙinsa tana jujjuyawa. "Ka ga babanku, mariƙin nan da ya ishe ni da faɗuwa, zama ɗaya ya yi ya ɗaure min shi gam. Bai kalli bidiyon kowa ba."

"Umma, don Allah."

"Na tafi. Allah ya sanyaya."

Ya kwance kular. Tsakaninta da firosesa akwai wani mai toka-toka da ake ɗigawa don ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, zafi ya samu hanyar wucewa. Tun safe tunaninsa a kan man nan yake. Ya ɗauka ya yi kaɗan, ya goge ya ƙara. Da ta mutu ya ɗauka ya yi yawa, ya goge ya rage. Ya ɗiga shi a tsakiya, ya shafa shi da kati, ya ja shi layi-layi, duk yadda ya gani a waya ya gwada. Yanzu ma ya goge da tsumma ba tare da ya kalla ba, ya matse sirinjin da man ya zo a ciki har robar ta yi ƙara. Ɗan abin da ya fito ya shafa, ya mayar da kular, ya ɗaure notinanta.

Suka kunna. Yaya ta buɗe aikin, ta danna. Ɗan layin da ke nuna ci gaban aiki ya fara rarrafe. Auta ya ƙura wa lambar ido. Sittin. Saba'in da biyar. Ya ji zuciyarsa tana hawa tare da ita. Tamanin da takwas.

"Tsaya nan," ya ce a hankali. "Don Allah tsaya nan."

Ba ta tsaya ba.

Allon na yin baƙi wayar Yaya ta ɗauki ƙara. Shugaban kamfanin ne. Ta miƙe tsaye kafin ta ɗauka, kamar mai kiran yana ganinta.

"Ranka ya daɗe. E, yana kan fitowa. A'a, ba matsala ko kaɗan. In sha Allahu kafin ku tashi ina nan."

Ta kashe, ta tsaya riƙe da wayar. Auta bai taɓa jin Yaya ta yi ƙarya ba sai yau, kuma saboda shi.

"Ba za ki roƙe su zuwa gobe ba?"

"Gobe da safe za su nuna wa mai gidan. Auta, ka gaya min gaskiya. Za ta yi ko ba za ta yi ba? In ba za ta yi ba in san abin da zan ce wa mutane."

"Za ta yi. Mai ne ya ƙare. Bari in je in samo."

Ya zura takalmi ya fita. Baba na zaune a inda ya saba zama tun da ya bar tuƙin babbar mota, a inuwar bango, da rediyo a gefe da gwangwaninsa na tarkace a gabansa. Baba ba ya wuce ƙarfe a ƙasa. Noti, waya, madannin biro, duk sai ya sunkuya ya ɗauka ya jefa a aljihu. Bai ɗago ba da Auta ya wuce.

Layin masu kayan lantarki a cike yake kamar kullum, kowane shago da kiɗansa, wayoyin caja na reto a ƙofofi. Auta ya bi shaguna yana tambaya. Wani ya ce ya ƙare, wani ya miƙo masa gam. Dole ta kai shi inda ba ya son zuwa, shagon tsohon ogansa na gyaran waya, wanda ya bari ba sallama.

Ogan na sunkuye a kan wata waya da aka farke, da gilashin ƙara girma a ido ɗaya. Ya ɗago ya dube shi da ɗaya idon.

"A'a. Yau wa nake gani? Rabin-Aiki da kansa. Cajar da na aike ka saye ce ka kawo yanzu?"

"Oga, ina wuni. Taimako nake nema."

Ya zayyana masa komai a tsaye, maganar tana cin karo da juna. Ogan ya saurara yana sosa haɓa da bakin sukundireba.

"Ka ɓare ledar da ke manne a gindin kular?"

"Tun farko."

"Fankarta na juyawa?"

"Kamar za ta tashi sama."

"To kawo ta gobe in duba."

"Yau ake so, Oga. Kafin a tashi daga ofis."

"Ku dai komai naku yau ake so." Ya jawo durowa ya yi ta tona, ya fito da wani ɗan sirinji da aka matse har ya lanƙwashe. Ya ɗaga shi a hasken ƙofa. "Ragowa ce. Shafi ɗaya za ta yi maka, in ka yi hankali. In ka ɓarar, sai ka shafa man goge baki."

"Na gode, Oga."

"Kar ka gode. Ka ƙarasa wani abu sau ɗaya a rayuwarka, ko mu ma mu samu labarin bayarwa."

A bakin titi Auta ya tsaya jiran mota, sirinjin a dunƙule cikin hannunsa. Ya san a ransa man ba shi ne matsalar ba. Ya shafa shi ta kowace fuska, lambar ba ta ko gezau ba. Zai koma ne ya ɗiga wannan ɗin, su zauna su kalli allo ya yi baƙi, daga nan ba shi da sauran abin cewa.

Wata bas ta tsaya a ɗaya hannun, wadda ke fita bayan gari, yaron motar na buga ƙofa yana kiran fasinja. Ƙafafun Auta sun san wannan hanyar. Haka ya bar gareji, haka ya bar shagon nan na bayansa: a aike shi, ya fita, iska ta bugi fuskarsa, ya ji ba zai iya komawa ba. Yana da abokin da zai kwana wurinsa. Ya kashe waya, bayan kwana biyu ya dawo an gama faɗan, a ƙara masa wani sunan. Har ya sauke ƙafa ɗaya daga kan dakali.

Wayarsa ta yi motsi a aljihu. Saƙon Yaya ne. "Ka samu? Umma ta ce ka taho da gishiri in ka biyo ta kanti."

Ba ta tambaye shi ko zai dawo ba. Abin bai ma zo mata a rai ba. Ya tsaya yana kallon saƙon har bas ɗin ta cika ta tafi. Sannan ya tsallaka ya sayi gishiri.

Rana ta riga ta karkata lokacin da ya shigo. Yaya ta yi salla a ɗakin, tana zaune a kan sallayar ba ta naɗe ba. Ya ajiye gishirin a bakin ƙofa, ya durƙusa gaban akwatin ya kwance kular. Ya ɗauki tsumma zai goge kamar yadda ya yi ta yi tun safe, sai ya tuna shafi ɗaya ya rage masa. Hannunsa ya tsaya. In ya goge wannan, ya ɗiga na ƙarshe, me zai canja?

Ya ajiye tsumman. Ya juya gindin kular zuwa hasken taga, ya kalle shi a karo na farko.

Man bai bazu daidai ba. Ta gefe ɗaya ya matsu ya yi siriri har ana ganin jan ƙarfen ta cikinsa. Ta ɗaya kusurwar kuwa yana nan da kaurinsa, har da sawun katin da ya shafa shi da shi, ko taɓa shi ba a yi ba. Ya duba saman firosesa, haka abin yake. Kular ba zaune take ba. A karkace take, kamar teburin da aka sa wa dutse a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Shi ya sa firosesa ke ci da wuta ita tana shan iska.

Ya bi kusurwar da ido, ya ga wace ƙafa ce a wurin.

Ya kwance ƙafafun duka huɗu, ya tsayar da su a kan gilashin wayarsa, ya kwantar da kai a ƙasa yana kallonsu ta gefe. Uku kansu ɗaya. Ta huɗun ta ɗara su da abin da bai fi kaurin farce ba.

"Mene ne?" in ji Yaya.

"Wannan ba tasu ba ce. Daga ɗaya ledar na ɗauko ta."

"Don me?"

"Uku na samu a tasu. Na ga kamar duk ɗaya ne."

Yaya ta dube shi. Ya ga sunan ya taso mata har bakin leɓe, ya ga ta haɗiye shi. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

"To ka sa dogayen duka huɗu mana, su daidaita."

"Sai ta ɗage gaba ɗaya, ba za ta taɓa shi ba sam."

"A sayo wata."

"Ba a sayar da ita ita kaɗai. Sai da kular."

"To ina ta huɗun take?"

Bai sani ba. Ya zazzage kwalayen duka a ƙasa, ya yayyaga soson da ke ciki. Ya ɗage katifa, ya ja gado, ya shiga ƙarƙashinsa da fitilar waya ya fito da yanar gizo-gizo a gashi. Ya kakkaɓe takalmansa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta durƙusa tana shafa siminti da tafin hannu, da kayanta na zuwa ofis a jikinta. Ya fita tsakar gida ya kifar da kwandon shara, ya tona ɓawon albasa da tokar gawayi da hannunsa. Har ya fara tunanin ya ɗauko doguwar ya goga ta a dutse, ya san kuma in ya goge ta a karkace ya kashe maganar ke nan.

"Kai, lafiyarka?" in ji Umma daga ƙofar kicin. "Sharar da na tara ka watsa min?"

"Umma, da kika share ɗakina ba ki ga wani ɗan ƙarfe ba? Kamar wannan." Ya miƙa mata doguwar a tafin hannu. "Mai murɗi sama da ƙasa."

Umma ta karɓa ta kawo ta kusa da ido. Ta juya ta. Sannan ta waiga cikin kicin, inda tukunya ke tafasa a kan wuta, murfinta na rawa. Ta sake waigowa ta dubi Baba.

Baba ya rage muryar rediyo.

"A bakin ƙofarka na tsince ta," ya ce. "A ƙasa, cikin ƙura. Na ɗauka ka gama da ita."

"Baba, tun safe..."

"Tun safe wa ka tambaya? Ka wuce ni ka fita, ka wuce ni ka shigo."

Auta ya faɗa kicin ya cafke murfin da hannu, tururi ya dake shi a wuyan hannu, bai saki ba. Ya kifa shi a ƙasa. Ga ƙafar nan a tsakiya, gindinta ya leƙo ta cikin murfin, ta yi naso da maiƙo, kanta ya shige cikin mariƙin katako.

"Abincina," in ji Umma. "Kai, a buɗe za ka bar min shi?"

"Rufe da faranti," in ji Baba. Ya taso da kansa, yana jan ƙafarsa mai ciwo, da filaya a hannu. Auta ya miƙa hannu zai karɓa, Baba ya ƙi ba shi. "Za ka cinye mata murɗi. Riƙe murfin."

Auta ya riƙe da gefen rigarsa. Baba ya naɗa ƙyalle a bakin filayar, ya kama ƙafar ta tsakiya inda babu murɗi, ya juya mariƙin a hankali har ya fita. Ya ɗora ta a tafin hannun Auta. Da zafinta.

Ya wanke ta da sabulu, ya goge, ya hura, ya sake gogewa. Ya tsayar da ita kusa da 'yan uwanta a kan gilashin waya, ya kwantar da kai. Kansu ɗaya.

Wannan karon bai yi sauri ba, ko da yake inuwar bango ta riga ta rufe rabin tsakar gida. Ya ɗaure ƙafafun. Ya goge firosesa da gindin kular har suna ɗaukar ido. Ya matse ɗan sirinjin ogansa da manyan yatsu biyu, wani ɗigo ya fito, ya tsaya a tsakiya, daga shi babu ƙari. Ya sauke kular a kai ba tare da ya murza ta ba. Ya riƙa ɗaure notinan kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke kallonta, yana zagayawa, har kowanne ya tsaya da kansa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya kawar da kai kada ya zuba a madabod.

"Bismillah," in ji Yaya, ta danna.

Layin ya fara rarrafe. Fankoki suka ɗaga murya. Hamsin da biyar. Sittin da takwas. Auta ya ji ƙafafunsa suna son fita, ko bakin ƙofa ne, ko ina ne da ba nan ba. Ya zauna a kan hannayensa. Saba'in da biyu. Saba'in da huɗu. Ta koma saba'in da uku. Ta tsaya tana lilo a nan.

Ya kai yatsa ya taɓa haƙarƙarin kular, ya janye da sauri.

"Ta ƙone ka?" in ji Yaya.

"Ta ƙone ni."

"Kuma kana murmushi."

"Haka ake so."

Layin ya wuce inda ya saba mutuwa. Abin da ya rage yanzu ba ya hannun kowa: ko aikin ya riga ofis tashi, ko ofis ya riga shi. Yaya ta sa takalmi, ta rataya jaka, ta soke ɗan filas ɗin da za ta kwafe bidiyon a jikin kwamfutar, ta tsaya a tsaye. Umma ta kawo abinci ba wanda ya kalla. Aka kira sallar la'asar, suka yi ta ɗaya bayan ɗaya don kada a bar allon shi kaɗai. Wayar Yaya ta yi ƙara, ta duba, ta ƙi ɗauka. Ta sake yin ƙara.

"Ranka ya daɗe, ina hanya," ta ce, idonta a kan layin da ya rage masa kamar faɗin yatsa.

Da ya cika, ba ta ko buɗe bidiyon ta gani ba. Ta kwafe shi, ta zare filas ɗin, ta fita da gudu gyalenta na jan ƙasa. Auta ya bi ta har titi ya tare mata babur, ya tsaya yana kallo har suka sha kwana. Hasken rana ya riga ya yi ja a saman gine-gine.

Ya dawo ya tarar da sharar da ya watsa tana nan, da kwalaye, da gadon da ya ja tsakiyar ɗaki. Baba ya koma wurinsa. Murfin tukunyar na gefensa a kife, mariƙin a kai, filayar a kusa.

Auta ya ɗauko doguwar ƙafar daga inda Umma ta ajiye ta, ya zauna a ƙasa kusa da Baba. Ya zura ta ta ramin murfin, ya ɗora mariƙin ya fara murɗawa. Yana cikin yi wayarsa ta yi motsi. Ya sa hannu ɗaya ya ciro ta, bai saki murfin ba. Saƙon Yaya ne.

"Na same shi yana kulle ofis. Ya buɗe ya kalla. Ya ce in fara zuwa ranar Litinin, kuma akwai wani gidan da ya fi wannan girma. Kar ka kashe ta, ina dawowa."

Ya karanta sau biyu. Ya miƙa wa Baba wayar. Baba ya nisanta ta da fuskarsa ya karanta a hankali, leɓunansa na motsi, ya mayar masa.

"Madalla," ya ce. Ya nuna murfin da haɓa. "Bai ɗauru ba. Ƙara masa."

Auta ya ƙara murɗawa har mariƙin ya tsaya. Ya ɗaga murfin da shi ya girgiza, bai motsa ba. Ya kai wa Umma kicin, sannan ya ɗauko tsintsiya.